Wata tara ina sayen fulawa wurin mai tarago na Bakin Dogo, ga abin da na gani

Salamu alaikum 'yan uwa masu gidan burodi da masu cincin da fanke da duk wanda fulawa ce abincinsa. Tun bayan ƙaramar sallah mutane ke damuna da tambaya wai yaya dilan nan na wajen kasuwar Bakin Dogo a nan Kaduna mai kai fulawa har ƙofar gida, da gaske ne ko dai romon baka ne irin wanda muka saba sha, to yau an ɗauke wuta injin kwaɓi ya tsaya yara sun bazu, bari in zauna in faɗi iya abin da idona ya gani. Ba zan kama sunansa ba don maganar akwai yabo akwai ƙorafi a ciki, kuma mutum ne mai iyali, zan dinga ce masa Alhaji kawai kamar yadda kowa ke ce masa.

Ni gidan burodina ƙarami ne a Tudun Wada, tanda biyu, buhu 40 nake ci a sati in kasuwa na tafiya daidai, da azumi ya kan haura. Da can da kaina nake zuwa kasuwa in yi ciniki in nemi mota in yi rigima da 'yan dako in biyo motar a baya kan mashin kamar mai rakiyar amarya, yini guda ya tafi a banza. Shi Alhaji tsarinsa daban, ka kira shi da daddare ka faɗi adadi da irin wadda kake so, kafin ƙarfe tara na safe motarsa ta ɗaukar kaya, kanta, ta tsaya a ƙofarka da yaransa biyu, su sauke su jera maka a sito, ka ƙirga ka sa hannu a rasit, kuɗin kawowa yana cikin farashi ba wani ƙarin a kawo na mai a kawo na shayi. A wata taran nan sau biyu kawai suka makara, ɗaya ranar da aka rufe hanya wajen gada, ɗayan kuma taya ce ta fashe musu kuma tun kafin in nema yaron ya kira ya faɗa min. Wannan kam na yaba, don a garin nan mutum ya ce maka ga ni nan a hanya alhali ko wanka bai yi ba, ba sabon abu bane.

Na biyu yana ba da bashin sati ɗaya in ya san ka, ka sayar da burodi ka biya, kuma in farashi ya tashi tsakanin ranar da ka ɗauka da ranar biya ba ya bin ka da sabon farashi, yadda aka rubuta haka za ka biya. Duk wanda ya yi sana'ar nan a shekarun nan da buhu ke kwana da kuɗi ɗaya ya tashi da wani ya san wannan ba ƙaramin mutunci bane. Kuma yana da sikeli a bakin sito, ka ce a ɗora maka kowane buhu ba zai ɓata rai ba.

To yanzu ga inda sunan mai tarago ya samo asali. Sitonsa biyu ne, ɗaya gini ne na bulo, ɗayan kuma wallahi tsohon taragon kaya ne na jirgin ƙasa, irin rufaffen nan mai ƙofar ja a gefe, yace a gwanjo ya saye shi tun da daɗewa aka cire ƙafafun aka ɗora shi kan bulo. Ranar da na fara zuwa da Babanmu na je, don a hanyar asibiti muka biya, shi kuwa Baba shekara 31 ya yi a reluwe yana akawun lodi a tashar Kaduna Junction kafin ya yi ritaya. Tsohon nan da ko tashi daga kujera sai an kama shi, yana hango taragon ya saki hannuna ya nufe shi da sandarsa, ya shafa ƙofar, ya laluba wani ɗan ƙarfe a gefe yace nan muke soke takardar kaya, nan kuma ake ɗaura dalma a buga hatimi, in ta iso da hatimi a karye to gadi da direba sun shiga uku. Alhaji ya taso ya durƙusa ya gaishe shi, yace Baba ashe ku ne masu abin, Baba yace ɗana mu ne, amma wa ya ce maka ana ajiye fulawa a cikin wannan da rana tsaka ba rumfa a kai? Alhaji ya yi dariya, ni ma na yi, muka ɗauka surutun tsufa ne.

Ashe ba surutu bane. A watan Afrilu da zafi ya kai zafi, in buhu ya fito daga taragon nan ka sa hannu a ciki za ka ji fulawar da ɗumi kamar an sauke ta daga wuta, kuma mai kwaɓi ya san abin da hakan ke nufi, kwaɓin zai yi saurin tashi ya wuce ka kafin ka gama yanka, burodi ya fito da tsami-tsami da manyan ramuka. Sai da muka koma sayen ƙanƙara muna zubawa a ruwan kwaɓi. Da damina kuma ƙarfe zufa yake yi, da rana ya ɗau zafi da asuba ya huce, raɓa ta taru a rufin daga ciki tana ɗiga kan buhunan sama. Tun daga nan nake ce wa yaronsa in za a loda min a ɗebo daga sito na bulo, kuma gaskiya suna yi, amma sai ka faɗa, in ba ka faɗa ba duk wanda ya fi kusa da ƙofa shi za a jefa maka.

Babbar rigimarmu a watan Agusta ce. An kawo buhu 40 da safe ana yayyafi, ni ina wajen tanda yarona ya ƙirga ya sa hannu, sai da daddare da aka zo kwaɓi aka farke buhu na farko aka ga gefe ɗaya ya dunƙule ya yi tauri kamar siminti, ga wani wari na fumfuna. Muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya da tocila, shida ne suka sha ruwa, biyu daga ciki har sun fara kore. A waje ba ka ganin komai fa, buhun ya bushe tas, sai ɗan shatin ruwa da ba ka lura da shi sai ka kafa ido. Na kira Alhaji wajen sha ɗaya na dare raina a ɓace, nace Alhaji Allah ya ƙara girma wannan kaya ai ba na mutane bane. Yace mai burodi kwantar da hankalinka, tirelar ce ta kwana shida a hanya daga Legas, ta maƙale tsakanin Jebba da Mokwa, tamfol ya yage ruwa ya shiga, ni ma buhu nawa na yi asara. Nace to asararka daban tawa daban, ni lafiyayyen kaya na saya. Muka ja muka ja, da safe ya aiko da huɗu sababbi, biyun kuma yace yarona ya riga ya sa hannu don haka mu raba asara, ya ɗauki ɗaya in ɗauki ɗaya. Har yau ina ganin bai kyauta min ba a kan buhu ɗayan nan, don wanda ya san tirelarsa ta sha ruwa shi ya kamata ya ware kayan tun a sito ba sai ya jira mai saye ya gano ba. Amma kuma na san dilolin da ko wayar ba za su ɗauka ba.

Sai kuma ƙaramar ɓarnar da ba ta ƙarewa, wadda ita ce ma ta fi ci min rai don ba ka da wanda za ka kama. Buhu an rubuta kilo 50, ka ɗora a sikeli ka ga 49 da rabi, wani 49, ba wai an buɗe an ɗiba ba, a'a, ɗinki ne ya saki a kusurwa, ko wani ya ja shi a kan ƙusar bodin mota, ko an jefo shi daga saman tirela ya yi tusa farin ƙura ya tashi. Ku ƙirga da ni hannu nawa ke taɓa buhu ɗaya, a kamfani a loda, a babban dila a sauke, a sake lodawa, a sauke wurin Alhaji, a loda a kanta, a sauke a gidana, sannan yaro ya ɗauko ya kai wurin kwaɓi. Kowane hannu da ɗan rabonsa da yake zubarwa a ƙasa, kuma kowane hannu sai an biya shi. Ku je bakin sitonsa da yamma ku ga mata da tsintsiya da rariya suna share ƙasa suna tarawa masu kaji, wannan duk kuɗinmu ne.

Ina cikin wannan mitar ne a gida ɗana na fari da ke karatun injiniya a Kadpoly, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, yace Abba ai matsalar ba ta Alhaji bace, ta buhu ce, wasu sun bar buhu shekara 70 da suka wuce. Nace kai tafi can, fulawa ba buhu a me za a zuba ta, a aljihu? Sai ya miƙo min waya ya nuna min bidiyon wani tarago a Amurka an jona masa bututu a ƙasa, fulawa na bi ta ciki tana hawa wani dogon rumbun ƙarfe, mutum ɗaya ne a wurin yana tsaye riƙe da kofin shayi, ko ƙura babu a rigarsa. Daga daren nan na shiga bin labarin, har Baba ya shigo ciki, muka kwana uku muna abu ɗaya.

Ashe su ma da wahalarmu suka fara, har ta fi tamu. A ƙarni na 19 a gangar katako suke zuba fulawa, kowace ganga laba 196, wajen kilo 89 kenan, a mirgina ta a cusa a rufaffen tarago irin na Alhaji sak. Garin Miniyafolis shi ne uban niƙa a lokacin, kuma a nan ne a 1878 wani babban gidan niƙa na Washburn ya yi bindiga ya kashe mutum 18, ba fetur ba ba gas ba, ƙurar fulawa ce kawai da ta cika iska ta haɗu da tartsatsi. Wannan ya sa tun da na karanta na hana yarana kaɗe buhu kusa da bakin tanda, da can wasa muke ɗaukar abin. Daga ganga suka koma buhun yadi na auduga, har a shekarun 1930 da talauci ya kama su kamfanoni suka riƙa buga furanni a jikin buhun saboda mata na ɗinka wa yara riguna da shi, Baba yace ai mu ma nan an yi, shi kansa da wandon buhun fulawa ya yi makarantar allo. Bayan nan buhun takarda ya shigo. A 1930 garin Bafalo na jihar Niyok ya ƙwace kambun niƙa daga Miniyafolis, har akwai wani ɗan ƙaramin kamfanin jirgi a garin mai suna Buffalo Creek da tambarinsa ma hoton buhun fulawa ne a jikin taragunsa.

Amma duk wannan canjin buhu ne kawai, tarago dai shi ne, kuma kafin a loda sai an share shi, a bi a cire ƙusoshi, a shimfiɗa takarda a ƙasa da bango, a yi feshin ƙwari, don taragon da ya ɗauko fata ko taki jiya shi za a ba ka yau, ga tsagar katako cike da tsohon hatsi inda ƙwaro ke kwana yana jiran sabon kaya. Baba na jin haka ya buga sanda a ƙasa yace wallahi haka muke yi, a kawo mana taragon da ya sauke gyaɗa ko kiraga mu sa lebura su share, mai kaya yana tsaye yana shinshina ciki kamar mai sayen turare.

To me ya hana su tun farko su zuba ta tsurarta a taragon hatsi mai mazurari a ƙasa, a buɗe ta zubo? Nan ne wurin da ya fi burge ni don duk mai taɓa fulawa ya san halinta. Alkama ko masara in ka buɗe ƙasan mazubi gudu take kamar ruwa. Fulawa ba ta yi. Cika mazurari da fulawa ka gani, ta ƙasan za ta ɗan zuba sai sauran ta yi baka ta tsaya cak ta riƙe kanta, sai ka buga ko ka zungura. Yanzu ka ɗauka tan 40 ce, ta yi tafiyar kwana da kwanaki jirgi na girgiza ta tana danƙarewa, kafin ta isa ta zama kamar daɓe. Sai dai a sa ƙarti su yi ta dukan tarago da guduma, rabi ya fito rabi ya ƙi.

Maganin daga wurin masu siminti ya fito, don siminti ma halinsu ɗaya. Wani kamfani mai suna Fuller a jihar Fensilbeniya yana da wata dabara da ya sa wa suna Airslide, kwararo ne mai ɗan gangare, an raba shi sama da ƙasa da wani yadi mai kauri irin na tamfol amma iska na ratsa shi, gari na kwance a kan yadin, a hura iska a hankali daga ƙasa, iskar ta ratso ta shiga tsakanin garin ta sassauta shi, nan take sai ya kama malala kamar kunu ya bi gangaren da kansa. Kamfanin General American na Shikago, masu ƙera taragu suna ba da haya, su suka ɗauki dabarar suka sa a ƙasan tarago a 1953. Taragon a rufe yake ruf, cikinsa an shafe shi sumul ba tsaga ba lungu, ana zuba fulawa ta ƙofofin sama a rufe a buga hatimi, ƙasansa kwararon yadin nan ne da suka gangaro zuwa mafita. In ya isa gidan burodi a jona masa injin hura iska, ba ma iska mai ƙarfi ba, a jona bututu a mafitar, shi kenan. Na farkon cikinsa kubik fit 2,600 a awonsu, yana ɗaukar tan 40 da ɗoriya, wato buhunmu 800 da wani abu, a shekarun 1960 suka fito da babba mai 4,180. Sukari da sitaci ma a ciki ake ɗauka.

Ɗana sai da ya gwada min a tsakar gida don na ƙi yarda. Ya samo kwali dogo ya ɗaure tsohon zanin uwarsa a tsakiya, ya zuba fulawa mudu biyu a kai, ya ɗan karkata shi, fulawa ta zauna abinta ko motsi. Ya kawo abin busar da gashi na ƙanwarsa ya zura ta ƙasa ya kunna, wallahi sai ga gari ya ɗan kumbura yana rawa ya sulale ya zubo a faranti, rabin kuma ya tashi ya wanke mana fuska, uwarsu ta fito tana salati tana tambayar wa zai biya ta mudu biyu. Baba dariya har da hawaye.

Daga baya ma sun wuce nan, suka ƙera wanda ake rufe shi gam a cika cikin da iska, matsin iskar da kansa ya tura fulawar ta bututu har saman rumbu, irin yadda tankar siminti ke yi in kun taɓa ganin tana sauke kaya a wurin babban gini. Irin waɗannan na yanzu ɗaya na ɗaukar kusan tan 90, buhu 1,800 kenan, lodin tirela uku tunda tirela 600 take ɗauka. Daga injin niƙa har kwanon kwaɓi ba hannun da ya taɓa ta, ba ruwan sama, ba ɓera, ba ɗinkin da zai saki.

Abin da ya dame ni shi ne duk wannan labarin ina karanta shi ne a garin da jirgi ya haifa. Layin Baro zuwa Kano ya ratsa nan ya isa Kano a 1911, a 1912 aka haɗe shi da na Legas, saboda dogon nan Turawa suka baro Zungeru suka dawo da hedikwata Kaduna a 1917, sannan layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo Inugu da Kafanchan ya zo ya haɗe a nan, shi ya sa ake ce wa tashar Junction. Kasuwar da Alhaji yake ma sunanta Bakin Dogo, dogon na nan kwance mata na shanya kaya a kai. Baba yace a zamaninsu gyaɗa da auduga da fata su gangara kudu, gishiri da siminti da kananzir da fulawa su hauro, bayan an buɗe injin niƙa na Apapa a 1962 fulawa a buhu take zuwa musu tarago-tarago, kusan kilomita 900 ba ramin titi ba shingen karɓar na goro. Nace Baba to kun taɓa sauke ta tsurarta ba buhu? Yace shi dai a hannunsa bai taɓa ba, buhu ne, a kafaɗa, ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye da fensir yana jan layi biyar-biyar.

Kar kuma wani ya ce mai burodi ya ga bidiyo ya rikice. Na san taragon nan ko kyauta aka ba ni ba inda zan kai shi. Yana son reshen dogo har cikin gidanka, yana son rumbun ƙarfe, yana son wutar da ba ta ɗaukewa ana tsakiyar saukewa, ni kuwa yanzu haka da fitilar waya nake rubutun nan. Buhu 800 ni sai na yi kusan wata biyar ina ci, kafin nan ƙwaro ya riga ni. Ko a can ma manyan kamfanonin burodi ne ke karɓar tarago, ƙananan irina buhu suke saye, ko kuma a juye daga tarago zuwa tankar mota a kai wa matsakaita. Ga kuma namu dogon iri biyu ne da ba sa shiga juna, tsohon faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, sabon na Rigasa a nan Kaduna zuwa Idu a Abuja da aka buɗe a 2016 ya fi shi faɗi, taragon wannan ba ya hawa wancan. An buɗe tashar kaya ta tudu a Kakuri a farkon 2018, kuma akwai injinan niƙa a Arewa, Kano ma tun shekarun 1970, don haka ba dole kowace fulawa ta taso daga bakin teku ba. Ni abin da nake hange ƙarami ne, a ce ko kashi mai nisan nan na tafiyar a rufe yake ba a ƙarƙashin yagaggen tamfol ba, a zo nan Kaduna a ɗura a buhu, hannu bakwai ya koma uku. 'Yan dako ma ba za su rasa aiki ba don daga nan zuwa gidajenmu dai sai kafaɗa.

Na kai wa Alhaji wannan labarin ranar da na je biyan kuɗi, na nuna masa bidiyon, ya kalla sau biyu ya kira yaransa su ma suka kalla. Yace mai burodi wato kana nufin nawa taragon kakan wannan ne? Nace Alhaji kakansa ne, wanda suka yi wa ritaya. Yace to ai shi ya sa na same shi da araha. Amma maganar Baba ta shige shi, don zuwan da na yi na baya na tarar ya kafa rumfar kwano a saman taragon da tazara yadda iska za ta ratsa, ya shimfiɗa katako a ƙasa, ya janye buhunan daga jikin bango. Na sa hannu a wani buhu da azahar, da sauƙi sosai ba kamar da ba. Yace in gaya wa Baba an bi umarni, kuma ya haɗa ni da goro in kai masa.

Wanda zai saya wurinsa ga shawarata, kar ka bar yaro ya sa hannu, kai da kanka ka tsaya, ka juya kowane buhu ka duba shatin ruwa musamman daga Yuli zuwa Satumba, ka danna kusurwoyi huɗun da hannu in ka ji tauri ka ajiye shi gefe tun motar ba ta tafi ba, don in ta tafi sunan maganar raba asara. Ka duba kwanan watan da ke jikin buhu, ka ɗora ko biyar ne a sikeli. Ka ce daga na bulo kake so. In a kan cika alƙawari da sauƙin bashi ne zan ba shi tara cikin goma, in a kan tace kaya kafin ya fita ne biyar ma na yi masa kara, farashinsa kuma bai fi na kasuwa sauƙi ba, kusan ɗaya ne in ka haɗa da kuɗin mota da yinin da za ka ɓata. Masu ɗaukar buhu biyu uku ba ya kai musu sai an haɗa da na maƙwabta, wata mai cincin a layinmu sai ranar da za a kawo nawa ake ɗoro mata nata.

Ni dai ina nan tare da shi, na jibi ma na riga na kira, buhu 45 don akwai biki a unguwa. Baba kuma yace in za ni biya ranar Asabar in tafi da shi zai duba rumfar da idonsa, wai yana zargin kwanon ya yi kusa da rufin da yawa, kuma har ya sa an nemo masa tsohon tef ɗinsa na awo a cikin akwati. To ga wuta nan an kawo, bari in je in tashi yara.